Tafiya Karatu Birtaniya: Tambayoyin da Ɗalibai Suka Fi Yi Kafin Tashi da Bayan Sauka

Duk shekara, daga watan Mayu zuwa Satumba, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa daga ƙannenmu da suka samu gurbin karatu a Birtaniya ko suke kan nema. Na tattara su a nan na amsa gwargwadon abin da na gani lokacin da na yi digiri na biyu a can. Akasari da mai tashi daga Najeriya zuwa digiri na biyu nake magana. Kuɗaɗen da hukuma ke karɓa suna canzawa kusan kowace shekara, shi ya sa nake haɗa adadi da shekararsa. Ranar da za ka cike takarda, shafin gov.uk shi ne alƙali. Ina cewa "kai", amma ƙanwata, har da ke nake.

Daga ina zan fara?

Daga sunanka. Ɗauko fasfo, takardar WAEC ko NECO, shaidar digiri, katin NIN da takardar haihuwa, ka shimfiɗa su a tabarma ɗaya ka karanta harafi bayan harafi. Mu mutanen Arewa nan ne muke yawan tuntuɓe. A firamare an rubuta Muhammadu, a sakandare Mohammed, a jami'a Muhammad. Wani sunan garinsu ne a ƙarshen sunansa a takarda ɗaya, a wata kuma sunan kakansa. Wata ta yi aure ta koma amfani da sunan miji a banki, shaidar digirinta kuwa na ɗauke da sunan mahaifi. Ranar haihuwa ma haka, musamman ga wanda aka rage wa shekaru lokacin bautar ƙasa. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne. Ma'aikacin da ke duba takardunka a can bai san Ɗanladi da Aliyu mutum ɗaya ba ne, kuma ba zai kira ka ya tambaya ba.

Sunan da ke kan fasfo shi ne sunanka a idonsu. In akwai saɓani, je kotu ka yi takardar rantsuwa tun da wuri, ka sanar da jami'ar kafin ta fitar maka da komai. Sannan ka nemi tiranskirif daga tsohuwar makarantarka yau ɗin nan. Na san wanda ya rasa zangon Satumba ɗungurum saboda wata huɗu yana zarya ofishin jarrabawa.

Dole ne in bi ta hannun ejan?

Ba dole ba ne. Digiri na biyu kai tsaye ake nema a shafin jami'a. Digiri na farko kuma ta UCAS ake bi, wato shafin neman gurbi na bai ɗaya na jami'o'insu, inda kake da damar zaɓar kwas har biyar. Na likitanci da na Oxford da Cambridge suna rufewa tun tsakiyar Oktoba, sauran a Janairu.

Akwai ejan na kirki, amma ka san cewa jami'o'i ne ke biyan yawancinsu la'ada a kan kowane ɗalibi, don haka inda suke da yarjejeniya can za su karkata da kai. In za ka yi aiki da ejan, imel ɗinka da lambar sirrinka su kasance a hannunka, kuma kada a aika wata takarda da sunanka ba ka karanta ba. Takardar bogi guda ɗaya, ko da ba kai ka haɗa ta ba, tana iya jawo a haramta maka shiga ƙasar har shekara 10.

Sai na yi jarrabawar Turanci ta IELTS?

Jami'o'i da yawa suna karɓar C6 ko sama a Turancin WAEC daga ɗan Najeriya, wasu kuma suna sa iyaka a kan daɗewar sakamakon. Tambayi jami'ar a rubuce. In sun ce sai IELTS, sakamakonsa shekara 2 yake aiki.

Mene ne CAS ɗin da kowa ke ambato?

Lamba ce da jami'a ke fitarwa don shaida wa hukumar shige da fice cewa ta ɗauke ka, kuma ta ɗauki alhakin sa ido a kanka. Ba ta fitowa sai ka cika sharuɗɗan gurbin, kuma galibi sai ka biya kafin alƙalami daga kuɗin makaranta. Ba a neman biza sai da ita, kuma sau ɗaya ake amfani da ita. Idan ta zo, duba suna, lambar fasfo, ranar fara kwas da adadin da aka rubuta ka riga ka biya, domin da wannan adadin za a lissafa abin da ya rage ka nuna a banki. Wasu kwasa-kwasan kimiyya da injiniyanci a matakin gaba da digiri na farko suna buƙatar wata shaida kuma mai suna ATAS, kuma tana ɗaukar makonni; takardar gurbinka za ta faɗa maka in kwas ɗinka na ciki.

Nawa ake so in nuna a banki?

Abu biyu ake haɗawa: abin da ya rage na kuɗin makarantar shekarar farko, da kuɗin zama na wata 9. A farkon 2025 kuɗin zaman fam 1,483 ne a wata ga mai karatu a Landan, fam 1,136 ga na wajen Landan. Wato fam 13,347 ko fam 10,224. An ƙara shi kafin shekarar ta fita, kuma ba a taɓa jin ya sauka ba.

Sharaɗin da ke kayar da mutane shi ne na kwana 28. Kuɗin sai sun kwana 28 a jere a asusun ba tare da sun yi ƙasa da adadin ba ko da na yini ɗaya, kuma ranar ƙarshe ta kwanakin kada ta wuce kwana 31 kafin ranar da ka miƙa neman biza. Tunda naira ce a asusun, za a juya ta zuwa fam da farashin ranar da ka nema. Ka ga ke nan wanda ya ajiye daidai wa daida yana wasa da wuta: naira ta ɗan zame, ko banki ya cire kuɗin saƙo, sai a ce bai cika ba. Ka ɗora rara mai kauri a kai.

Sai maganar asusun wa. Naka, ko na mahaifi ko mahaifiya, ko wanda kotu ta ba riƙonka. In na iyaye ne, sai ka haɗa da takardar haihuwa da wasiƙar amincewarsu. Asusun kawu, baffa, yaya ko maigidanka na kasuwa ba ya shiga, duk da cewa a wurinmu baffa uba ne, kuma sau da yawa shi ne ma ke ɗauke da nauyin karatun. In shi zai biya, ya tura kuɗin asusunka tun da wuri su yi kwanakinsu a can, kai kuma ka iya bayanin inda suka fito in an tambaye ka. Wanda gwamnati ko jami'a ta ɗauki nauyinsa, wasiƙar masu ɗaukar nauyin ce ke tsaya masa.

Akwai masu ba da hayar kuɗi a zuba a asusu na kwana 28 a cire. Ban da haɗarin a gano, ka tambayi kanka abin da za ka ci da shi bayan ka sauka. Adadin nan ba don ado aka sa shi ba, kusan abin da za ka kashe ke nan, wani garin ma bai isa ba.

Ban da wannan, me kuma zan biya kafin tashi?

Kuɗin biza, wanda ya koma fam 524 a Afrilun 2025. Sai kuɗin lafiya, fam 776 a kowace shekara tun Fabrairun 2024, kuma gaba ɗaya ake biya lokacin nema. Mai digiri na biyu na wata 12 ana ba shi ƙarin wata 4 bayan kammala kwas, don haka na shekara ɗaya da rabi yake biya, fam 1,164. Sai gwajin tarin fuka, wanda dole ne ga mazaunin Najeriya, kuma a cibiyoyin da aka amince da su kaɗai ake yi, kamar na hukumar IOM a Abuja da Legas. Hoton ƙirji daga asibitin garinku ba ya aiki komai ƙwarewar likitan. Shaidar wata 6 take yi, kuma a Yuli da Agusta layi na tsawo, ka kama rana da wuri.

Ana iya neman biza tun wata 6 kafin fara kwas, amsa kuma kan fito cikin mako 3 bayan an ɗauki hoton yatsunka. Wani lokaci sukan kira ka hira ta bidiyo su ji dalilin da ya sa ka zaɓi wannan kwas da wannan jami'a. Wanda ejan ya zaɓa masa komai a nan asirinsa ke tonuwa. Yanzu kuma an daina ba da katin zama na roba. Izininka a intanet yake, a asusun UKVI, wato hukumar bizarsu, da za ka buɗe, daga nan kake fitar da lambar da mai gida ko mai aiki zai duba.

Zan iya biyan rabin kuɗin makaranta, in na je in yi aiki in cika sauran?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a tsaya a kanta, domin ita ta fi jefa yaranmu cikin ƙunci.

Mu yi lissafi. Doka ta ba ɗalibin digiri awa 20 a mako lokacin karatu. A Afrilun 2025 mafi ƙarancin albashi ga ɗan shekara 21 zuwa sama ya koma fam 12.21 a awa. Awa 20 ke nan fam 244 a mako, kimanin fam 1,050 a wata, in ka samu aikin, in kuma an ba ka awannin cif, abin da ba kullum ake samu ba. Ɗaki ɗaya a gidan haɗaka a gari mai sauƙi zai cinye kusan rabi, a Landan ya fi haka nesa. Ka ci abinci, ka hau bas, ka sa kati a waya. Me ya rage? Kuɗin makarantar baƙo kuwa da wuya ka same shi ƙasa da fam 12,000, wasu kwasa-kwasan sun haura 30,000. Aikin awa 20 yana riƙe ciki da haya, ba ya biyan makaranta.

Masu cewa za a riƙa turo musu daga gida su tuna 2023. A farkon shekarar fam ɗaya bai kai naira 600 ba a farashin hukuma. Bayan an saki naira a watan Yuni, kafin a je ko'ina ya doshi 2,000. Iyalan da suka yi lissafi da tsohon farashi suka wayi gari abin da suka tanada bai kai rabi ba. A 2024 wata jami'a a arewa maso gabashin Ingila ta rufe wa wasu ɗaliban Najeriya shafin karatu saboda sun gaza biyan kason da ya zo, ta kai rahotonsu ga hukuma, aka umarci wasu su bar ƙasar. Jami'a a can ba ta san "a yi mini haƙuri zuwa ƙarshen wata" ba sai in ka je ofishin kuɗi tun kafin ranar biya kun yi yarjejeniya a rubuce.

Shawarata, in kuɗin makaranta bai kammala a hannu ba, ko aƙalla ba ka san takamaiman inda kowane kaso zai fito ba, nemi a ɗaga maka gurbin zuwa Janairu ko Satumba mai zuwa. Jami'o'i da yawa suna yarda. Kada a sayar da gonar gado ko gidan da uwa ke ciki a kan lissafin "in na je Allah zai rufa asiri". Allah na rufa asiri, amma an ce ka ɗaure raƙuminka tukuna.

To awa 20 ɗin, wa zai sani in na wuce?

Hukumar haraji ta sani, tunda duk albashi ta lambar inshorarka ta ƙasa yake bi, wato lambar da hukuma ke ba mai aiki. Mako a wurinsu daga Litinin ne zuwa Lahadi, kuma ba a rama awanni: ba za ka yi 10 wannan makon ka yi 30 a na gaba ba. In wuri biyu kake aiki, jimillar ake dubawa. Ba a yarda ɗalibi ya yi sana'ar kansa ba, kuma kai abinci da keke ta manhaja galibi a nan yake faɗawa. A lokacin hutu na hukuma ana iya yin cikakken aiki, sai dai mai digiri na biyu ya kula, watannin rubuta kundin bincike a jami'o'i da yawa ba hutu ba ne.

Akwai tallafin karatu na gaske?

Akwai, sai dai gasa ce mai zafi. Chevening na gwamnatin Birtaniya yana ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara ɗaya gaba ɗaya, yana buƙatar ƙwarewar aiki ta shekara 2, da alƙawarin komawa gida na shekara 2 bayan kammalawa. Ana buɗe shi wajen Agusta don karatun shekara mai zuwa. Akwai na Commonwealth, akwai na PTDF ga fannonin da suka shafi man fetur da makamashi, akwai ragin da jami'o'i ke yi da kansu. Wanda gwamnatin jiharsu ta tura, ya tafi da ɗan guzirinsa, domin alawus kan makara. Duk wanda ya ce ka biya shi ya samo maka ɗaya daga cikin waɗannan, ɗan damfara ne.

Zan iya tafiya da matata da yara?

Tun Janairun 2024, mai digiri na biyu na koyarwa ba ya tafiya da iyali. An bar damar ga masu digirin digirgir da masu digiri na bincike, da kuma wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa a kwas da ya wuce wata 6. Mai iyali ya zauna da uwargida su tsara shekarar tun kafin a sayi tikiti: wa zai riƙe cefane, kuɗin makarantar yara, inda za ta zauna. Haka matar aure da za ta tafi ta bar yara.

Me zan zuba a akwati? Kilishi zai wuce?

Ba zai wuce ba. Nama da duk abin da aka yi da madara haramun ne a shigo da su daga Najeriya: kilishi, dambun nama, soyayyen naman Sallah, man shanu, cuku. Na san Hajiya za ta dage, a lallashe ta. In aka kama za a ƙwace a zubar, wani lokaci har da tara. Busasshen kifi ana yarda da shi. Kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, daddawa, garin kunu da zoɓo, in an daka an ɗaure su da kyau an rubuta suna a jiki, galibi ba a samun matsala. In jami'i ya tambaya ka faɗi gaskiya. Daddawa dai a naɗe ta ninki uku, in ba haka ba kayanka duka za su yi wata guda suna ba da labari.

Kada ka cika akwati da shinkafa, manja ko doya. Duk garin da ke da jami'a za ka samu shagon 'yan Afirka ko na 'yan Pakistan. A Landan unguwar Peckham kamar kana Legas. Abin da ba ka samu da sauƙi shi ne kayan miyar Arewa. Rigar sanyi ma ka sayi ta gaske a can, ta gwanjo da ka saya a gida ta kai ka daga filin jirgi zuwa ɗaki kawai. Ka tafi da kaftani biyu ko uku da hula, ko atamfa da mayafi, saboda Juma'a da Idi. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, cajarka za ta yi aiki.

Asalin takardunka, CAS, shaidar tarin fuka da adireshin masauki su kasance a jakar hannu. Tsabar kuɗi in ta kai fam 10,000 sai an bayyana ta. Kuma kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da mai furfura ne ya roƙe ka.

Yaushe ya kamata in sauka?

Bizar kwas mai tsawo tana ba ka damar shiga har wata ɗaya kafin fara karatu, amma ba kafin ranar da aka rubuta izinin ya fara ba. Mako ɗaya ko biyu kafin makon tarbar sababbin ɗalibai ya wadatar. Daga Abuja akwai jirgi kai tsaye zuwa filin jirgin Heathrow na Landan, tafiyar awa shida da 'yan kai. Daga Kano akan bi ta Alƙahira ko Addis Ababa. Kowace jami'a tana da ranar ƙarshe ta rajista, wanda ya wuce ta CAS ɗinsa ta tashi a banza.

Ɗakin makaranta ko hayar waje?

Ga sabon zuwa, ɗakin makaranta ya fi kwanciyar hankali duk da ya fi tsada: wuta, ruwa, ɗumama ɗaki da intanet duk suna cikin kuɗin. Sai dai ka sani kicin na haɗaka ne, maza da mata, kuma za ka buɗe firiji ka ga naman alade da giya a gefen tukunyarka. Wasu jami'o'in suna da ɓangaren mata zalla ko na marasa shan giya, amma sai ka nema tun wajen cike fom.

Hayar waje ta fi araha in kun haɗu, amma masu gida kan nemi wanda zai tsaya maka mazaunin ƙasar. A Ingila kuɗin jingina bai wuce hayar mako 5 ba a doka, kuma dole mai gida ya ajiye shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Ranar da ka shiga, ɗauki hoton kowane lungu, har tabon da ke kan kafet. Ɗalibi na cikakken lokaci ba ya biyan harajin ƙaramar hukuma, amma sai ka karɓo wasiƙa daga jami'a ka miƙa. Kada ka tura wa kowa kuɗi daga Najeriya a kan ɗakin da ka gani a Facebook. Ni kaina saura ƙiris in faɗa: hotuna masu kyau, haya mai sauƙi, mai gida wai yana ƙasar waje zai aiko da makulli. Wani ɗan'uwa da ke garin ya je adireshin ya tarar da shagon wanki.

Me zan fara yi a makon farko?

Rajista a jami'a, layin waya, asusun banki da wasiƙar da jami'a za ta ba ka, sannan rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP. Kada ka jira sai ka kwanta ciwo. Ganin likita kyauta ne tunda ka biya kuɗin lafiya, amma a Ingila ana biyan fam 9.90 kan kowane magani da aka rubuta. A Scotland da Wales ba a biya. Lambar gaggawa 999, ta neman shawarar lafiya 111. Mai sikila ya faɗa tun ranar farko, domin sanyi na tayar da ciwon. In zazzaɓi ya kama ka a watannin farko, ka ce musu daga ƙasar da ke da maleriya ka zo, don ba shi ne zai fara zuwa musu a rai ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba a sayar da shi a kemis sai da takardar likita.

Ka nemi lambar inshorar ƙasa in za ka yi aiki, kyauta ce. Ka yi katin ragin jirgin ƙasa na ɗalibai, yana cire kashi ɗaya cikin uku. Wajen tsallaka titi ka fara duba dama, su ta hagu suke tuƙi.

Sanyin nan da ake faɗa, ya kai yadda ake zuzuta shi?

Sanyin ana maganinsa da tufafi. Duhun ne ba a ba mu labari ba. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, gari ba ya wayewa sai wajen takwas, kuma sai a yi mako ba ka ga ƙwayar rana ba. Wanda ya tashi a Sakkwato ko Maiduguri abin na taɓa shi fiye da yadda yake zato: kasala, yawan barci, ƙunci ba dalili. Hukumar lafiyarsu na ba da shawarar shan bitamin D, maikirogiram 10 a rana, musamman ga masu duhun fata. Ka fita ka taka da rana ko da hadari ne. In ƙuncin ya yi nauyi, kowace jami'a na da ofishin masu ba da shawara kyauta kuma cikin sirri, zuwa wurinsu ba raunin imani ba ne.

Agogonsu na canzawa sau biyu: daga Lahadin ƙarshe ta Maris lokacinsu ɗaya da Najeriya, daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba muna gabansu da awa ɗaya. A faɗa wa mutanen gida, saboda kiran asuba.

Salla, azumi da abincin halal fa?

Wannan ya fi sauƙi fiye da yadda iyaye ke tsoro. Kusan kowace jami'a na da ɗakin salla da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, kuma a nan za ka fara samun abokai da buɗe-baki kyauta. Birane irin Birmingham, Bradford, Manchester da Leicester cike suke da masallatai da mahauta na halal. A Landan har akwai masallacin 'yan Najeriya a Old Kent Road. A kanti ka riƙa karanta bayan kwali, alawa da wasu kayan zaƙi na ɗauke da sinadarin gelatin na alade.

Lokutan salla ne ke buƙatar sabo. A hunturu Azahar, La'asar da Magariba duk suna shigowa cikin kimanin awa huɗu, sau da yawa kana tsakiyar lacca. A Yuni kuwa Isha na kaiwa wajen sha ɗaya na dare, Asuba wajen uku. Azumin waɗannan shekarun yana faɗowa a Fabrairu da Maris, don haka bai da tsawo. Waɗanda suka yi shi a Yuni sun sha awa 18 da ɗoriya. Ganin wata kuma babu Sarkin Musulmi da zai yi sanarwa ɗaya: wasu masallatai na bin Saudiyya, wasu Maroko, sai ka ga Idi biyu a gari ɗaya. Bi masallacin da kake salla. Ranar Sallah ba hutu ba ce, in ta faɗo ranar jarrabawa ka yi magana da sashenku tun da wuri. 'Yan'uwa Kirista kuma ba za su rasa cocin 'yan Najeriya ba a kowane babban gari.

Karatun ya bambanta da namu?

Sosai. Lacca kaɗan ce, karatun kai ne mai yawa, kuma babu handawut da za ka haddace ka mayar. Ana so ka karanta marubuta da dama, ka auna hujjojinsu, ka faɗi naka ra'ayin, har ka saɓa wa malamin in kana da dalili. Farfesa mai furfura zai ce ka kira shi da sunansa kai tsaye. Na yi wata biyu bakina na ƙin yarda. A digiri na biyu maki 50 ne cin jarrabawa, 60 yabo, 70 zarra, don haka wanda ya samu 65 kada ya zauna makoki.

Babban ramin shi ne kwafe. Duk jimlar da ka ɗauko daga wani sai ka nuna mai ita, ko da ka sauya kalmomin. Ana zuba kowane aiki a manhajar gano kwafe irin Turnitin, kuma ba wa aboki aikinka ya duba ya kwafa laifin ku biyu ne. Sayen aiki ko sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta maka ba tare da izinin sashe ba na iya kai ga kora, kora kuma na tafiya da biza. Ranar miƙa aiki ba ta motsi. In rashin lafiya ko rasuwa ta same ka, akwai fom na neman uzuri, a cike shi kafin ranar. Halartar aji ma ana rubutawa, domin jami'a na da alhakin kai rahoton wanda ya ɓace.

Wace irin damfara ake yi wa sababbin zuwa?

Kira daga wai ma'aikatar cikin gida ko ta haraji, a ce akwai matsala a bizarka, ka biya tara yanzu ko a kama ka. Hukuma ba ta karɓar kuɗi ta waya; kashe kiran ka je ofishin ɗalibai baƙi. Sai wanda zai ce ka ara masa asusunka a turo kuɗi ka cire a ba ka lada, wani lokaci ɗan garinku ne ma. Wannan safarar kuɗin haram ce, asusunka za a rufe, kai za a tuhuma. Haka masu cewa za su biya maka kuɗin makaranta da ragi ka ba su naira: sau da yawa da katin sata suke biya, bayan makonni banki ya janye kuɗin, bashin ya dawo wuyanka.

In na gama zan iya tsayawa in yi aiki?

Akwai bizar masu kammala karatu da aka fara a Yulin 2021: shekara 2 ga mai digiri na farko ko na biyu, 3 ga mai digirin digirgir. Gwamnati ta sanar da rage ta farkon zuwa wata 18 ga masu nema daga Janairun 2027. Daga cikin ƙasar ake nema, kafin bizar karatu ta ƙare, kuma sai jami'a ta shaida wa hukuma ka kammala. Wanda ake bin sa bashin makaranta ko ya faɗi wani darasi yana jiran maimaici na iya ganin bizarsa ta ƙare kafin sakamako ya fito. Ita ma da kuɗinta da na lafiya, kuma na lafiyar ya fi na ɗalibi tsada, sai a fara tari tun ana karatu. Ba a sabunta ta. Kafin ta ƙare sai ka samu kamfanin da ke da lasisin ɗaukar nauyin baƙo, ko ka haɗa kayanka. Wanda ya zo da tallafin Chevening ko na gwamnati kuwa ya koma ya karanta takardar da ya sa wa hannu kafin ya fara wannan lissafin.